Bajamushen da ya zauna bakin ƙofa a Zunyi

A tsakiyar watan Janairun 1935, shugabannin jam'iyyar Kwaminis ta ƙasar Sin su kimanin 20 suka taru a saman wani bene a garin Zunyi, cikin lardin Guizhou, suka kwana uku suna cacar baki. Wata uku ke nan rabonsu da gida. Cikin mutum 86,000 da suka taso tare, 30,000 da ɗoriya ne suka rage, kuma kowa a ɗakin ya san sai an faɗi sunan wanda ya jawo wannan asara. Can bakin ƙofa, nesa da teburin, wani dogon Bature na zaune yana zuƙar taba kara bayan kara, tafinta na juya masa abin da ake faɗa a kansa. Sinawa na kiransa Li De. Ainihin sunansa Otto Braun, shekarunsa 34.

Labarin da jam'iyyar ta daɗe tana koya wa 'ya'yanta gajere ne: baƙo ya zo daga Masko, ba ya jin yare, bai san ƙasa ba, ya riƙe ragamar yaƙi ya kai runduna ga halaka, sai Mao Zedong ya miƙe a Zunyi ya ceto saura. Akwai gaskiya mai yawa a ciki. Braun ya yi kurakurai da suka ci rayukan dubban mutane, kuma ba ni da niyyar wanke shi. Amma ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya shigo ƙasa shi kaɗai, ba runduna ba dukiya, ko rubutun da ke jikin bango ba ya iya karantawa, ta yaya aka wayi gari shi ke cewa wannan bataliya ta tsaya nan, waccan ta faɗa can? Miƙa masa aka yi, kuma masu miƙawar suna da dalilinsu.

An haife shi ranar 28 ga Satumba, 1900, a Ismaning kusa da birnin Munich, ya tashi a gidan marayu, ya yi karatun malanta. An ɗauke shi soja a 1918, yaƙin duniya na farko ya ƙare kafin ya ga fagen daga. Daga nan ya shiga sahun 'yan gurguzun Jamus, ya yi ta aikin ɓoye, yau wannan suna gobe wancan. A 1926 aka kama shi aka rufe a kurkukun Moabit da ke Berlin. A watan Afrilun 1928 wasu matasa riƙe da bindigogi, cikinsu har da budurwarsa Olga Benario, suka kutsa suka fitar da shi da rana tsaka. Suka gudu Masko, inda aka sa shi a makarantar manyan hafsoshi ta Frunze. Abin da ya kawo ƙasar Sin ke nan: ƙwarewa a aikin asiri, ɗan tarzomar kan titi, da ilimin yaƙi na aji. Bai taɓa jan runduna ba.

A 1932 aka tura shi Harbin a Manchuriya, daga can ya gangara Shanghai, inda shugabannin jam'iyyar ke ɓoye. Don a gane abin da ya tarar, sai an ɗan koma baya. Jam'iyyar Kwaminis ta Sin tun tana jaririya a hannun baƙi ta tashi. Voitinsky ya zo a 1920, Henk Sneevliet ɗan Holan ya halarci taron kafa ta a 1921, Borodin ya yi shekara huɗu yana ɗinke ƙawancenta da jam'iyyar 'yan kishin ƙasa ta Kuomintang, har jagoran sojan Kuomintang ɗin, Chiang Kai-shek, ya juya mata baya ya yi wa 'ya'yanta kisan gilla a Shanghai a Afrilun 1927. A ƙa'ida ita reshe ce ta Kwamintan, ƙungiyar jam'iyyun gurguzu ta duniya mai hedikwata a Masko. Daga can kuɗi ke zuwa, daga can ake naɗawa a sauke. Wanda duk aka ga alamar Masko a jikinsa, ba a ja da maganarsa.

Shekarar 1931 ta yi wa jam'iyyar mummunan ta'adi. Shugaban sashen tsaronta, Gu Shunzhang, ya faɗa hannu ya tona komai. Aka kama babban sakatare Xiang Zhongfa aka kashe. Wang Ming, wanda ke juya akalar jam'iyyar a lokacin, ya tafi Masko, ragama ta faɗa hannun wani saurayi ɗan shekara 24 mai suna Bo Gu, wanda ya yi karatu a Masko, yana jin Rashanci kamar ruwa, amma bai taɓa harba harsashi a yaƙi ba. A farkon 1933 zaman Shanghai ya gagara, Bo Gu ya koma Ruijin a tsaunukan lardin Jiangxi, inda 'yan gurguzu suka kafa jamhuriyarsu tun Nuwamban 1931. A can ya iske mutanen da suka gina wurin da jininsu: Mao, da Zhu De, da Peng Dehuai, da Lin Biao. Yaya yaro mai takardar makaranta zai ba waɗannan umarni a kan yaƙi su ji? Sai in yana da wani a gefensa da zai nuna ya ce ga ƙwararre daga Masko. Shi ya nemi a kawo masa Braun.

Braun da kansa ya rubuta daga baya cewa ya nemi Masko ta fayyace matsayinsa, amsa ta zo cewa shi mai ba da shawara ne kawai, ba shi da ikon ba da umarni, kuma yana ƙarƙashin kwamitin tsakiya na jam'iyyar Sin. Akwai ma wanda ya fi shi muƙami, Manfred Stern, babban mashawarcin soja da ke zaune a Shanghai yana aiko da tsare-tsare ta rediyo. Amma da Braun ya isa Ruijin a kakar 1933, sai aka gabatar da shi a matsayin muryar Kwamintan. Aka ware masa gida shi kaɗai a tsakiyar gonakin shinkafa, aka ba shi tafintoci, aka raɗa masa suna Li De. Rahoto ya zo daga fagen daga, a fassara masa zuwa Rashanci, ya duba taswira ya rubuta abin da yake gani, a mayar zuwa Sinanci, a kai wa Bo Gu da Zhou Enlai, babban jami'in siyasa na rundunar, sai ya fita a matsayin umarni. Shawara ta zama doka saboda masu ikon ƙin ta ba su so su ƙi ba. Shi kuma bai taɓa cewa a'a, wannan ya wuce hurumina. Ya karɓa hannu biyu, kuma wannan laifinsa ne.

A lura da wani abu da gajeren labarin kan tsallake. An riga an ture Mao daga harkar soja a taron Ningdu na Oktoban 1932, shekara guda kafin Braun ya taka Jiangxi. 'Yan'uwansa Sinawa ne suka ture shi.

Yanzu ga yaƙin kansa. Sau huɗu Chiang Kai-shek ya aiko da runduna ta murƙushe Jiangxi, sau huɗu tana komawa da kunya. Dabarar 'yan gurguzu ita ce su ja da baya, su bar abokin gaba ya kutso can cikin tsaunuka ya rarrabu ya gaji, sannan su taru su afka wa ɓangare ɗaya su kwashe makamansa. A karo na biyar, wanda ya fara a ƙarshen Satumban 1933, Chiang ya ƙi cin wannan ƙugiya. Ya tara soja wajen rabin miliyan a kan yankin. Su matsa 'yan kilomita kaɗan, su tsaya su gina ɗakunan tsaro na dutse da tubali masu kafofin harbi, kowane yana kare na kusa da shi, su shimfiɗa hanyar mota, sannan su sake matsawa. Dubban irin waɗannan ɗakuna suka zagaye yankin kamar zobe, kullum zoben na ƙara tsukewa. Ya kuma toshe fatauci. Gishiri ya ɓace, har mutane suka koma kankare ƙasar tsofaffin bangaye suna tafasawa don su sami abin sa wa miya. Shi ma Chiang yana da nasa mashawartan Jamusawa, cikinsu har da Janar Hans von Seeckt, wanda ya sake gina rundunar Jamus bayan yaƙin duniya na farko.

Maƙiyin da ya ƙi kutsowa, ta ina za ka yi masa kwanton ɓauna? Wannan tambaya ce ta gaske, kuma duk wanda ya zauna a kujerar Braun sai ya fuskance ta. Amsarsa ita ce su ma su gina nasu wuraren tsaro, su riƙe ƙasa, in maƙiyi ya leƙo daga ɗakinsa don ya matsa gaba sai a kai masa gajeren farmaki mai sauri. A takarda abin yana da ma'ana. A ƙasa kuwa, maƙiyi na da igwa da jiragen sama, Jar Runduna, wato sojan 'yan gurguzu, ba ta da abin fasa bangon dutse, harsashi ma ƙirga shi ake yi. Ya ɗauki rundunar da ƙarfinta ke cikin ƙafarta ya dasa ta wuri ɗaya.

Halinsa ya ƙara dagula lamarin. Tafintansa Wu Xiuquan ya ba da labarin yadda yake zama a ɗaki yana sa alama a taswira, har inda za a girke bindiga mai sarrafa kanta, alhali taswirorin cike suke da kuskure. Tazarar da yake aunawa da ma'auni ya ce tafiyar rabin yini ce, a ƙasa tsauni ne da kwazazzabo da ruwan sama. In runduna ta makara sai ya ce a hukunta kwamanda. Xiao Jinguang, wanda ya janye daga garin Lichuan da 'yan tsirarun dakarunsa don kada a gama da su, an gurfanar da shi aka yanke masa shekara 5. Mao na cikin waɗanda suka tsaya masa. Wannan mutumin ne daga baya ya zama kwamandan sojan ruwan ƙasar Sin na farko.

Dama ɗaya ta samu ta fasa zoben. A Nuwamban 1933 Runduna ta 19 ta Kuomintang, wadda ta yi suna wajen kare Shanghai daga Japanawa, ta yi wa Chiang tawaye a lardin Fujian, maƙwabcin Jiangxi ta gabas. Har an ƙulla 'yar yarjejeniya da ita. Amma shugabannin jam'iyyar suka ɗauki 'yan tawayen a matsayin wasu madugan yaƙi da ba abin yarda ba ne, aka karkata manyan dakaru zuwa yamma, aka bar Chiang ya gama da Fujian a Janairun 1934 ya juyo ya rufe gabas. Wannan shawara ta siyasa ce, kuma hannu da yawa ne a cikinta, daga Shanghai har Ruijin. Ban ga yadda za a ɗora ta a kan mutum ɗaya ba.

Guangchang kuwa tasa ce, shi da Bo Gu. Garin shi ne ƙofar arewa ta yankin, suka ce ba za a bar shi ba, suka tafi fagen da kansu a Afrilun 1934. Kwana 18 ana gwabzawa, igwa da jirage suka rugurguza wuraren tsaron, Jar Runduna ta yi asarar fiye da mutum 5,000, garin kuma ya faɗi. Peng Dehuai, wanda tun farko ya ce wurin ba zai riƙu ba, ya je ya sami Braun ido da ido. Ya kira shi mai yaƙin kan taswira, sannan ya jefa masa karin maganar mutanen Hunan: ɗan da ya sayar da gonar ubansa, zuciyarsa ba ta ciwo. Tafinta ya ji nauyin maganar ya tsallake ta, Peng ya lura, ya sa Yang Shangkun ya fassara kalma bayan kalma. A ganina babu hukuncin da aka yi wa Braun da ya kai wannan daidai. Shekara shida aka yi ana tara wannan runduna mutum ɗaya-ɗaya daga ƙauyuka. Peng ya san fuskokinsu. Braun lambobi yake gani.

Duk da haka, ga abin da ke hana ni cewa ba don shi ba da Jiangxi ta tsira. Babban yankin 'yan gurguzu na iyakar Hubei da Henan da Anhui ya faɗi tun 1932 ƙarƙashin jagorancin Zhang Guotao, ɗaya daga cikin manyan jam'iyyar. Na He Long a tafkin Honghu ma ya faɗi a wannan shekarar. Babu Bature ko ɗaya a can. Yanki ne na manoma matalauta da aka riga aka tatse, samari sun ƙare a ƙauyuka, ga takunkumi, ga maƙiyi mai ninki biyar ko fiye. Mao ya ce da an fasa zoben an kai yaƙi can bayan maƙiyi, wajen Zhejiang. Mai yiwuwa ne. Amma wannan ma barin gida ne da wani suna. Abin da Braun ya yi shi ne ya sa faɗuwar ta yi tsada fiye da kima.

A tsakiyar Oktoban 1934 suka ƙetare kogin Yudu suka kama hanyar da daga baya aka kira Doguwar Tafiya. Mutum uku ne suka tsara fitar: Bo Gu, da Braun, da Zhou Enlai. An ɗauko gwamnati sukutum a ka, injin buga takardu, injin buga kuɗi, akwatunan fayil, dubban 'yan dako na tafiyar hawainiya, mayaƙa kuma na gefe da gefe suna kare su. Shingayen farko an wuce su da sauƙi saboda an yi sulhu a asirce da Chen Jitang, mai mulkin Guangdong. A kogin Xiang, ƙarshen Nuwamba, aka ritsa da su. Waɗanda aka kashe, da waɗanda aka kama, da manoman da aka ɗiba soja ba da daɗewa ba suka sulale suka koma gida, su ne suka mayar da 86,000 zuwa abin da ya isa Zunyi. Braun ya nace a nufi arewa a haɗu da He Long a yammacin Hunan, inda Chiang ya riga ya ɗana tarko. A karo na farko aka ƙi maganarsa, aka bi ta Mao zuwa Guizhou.

Wani abu ya faru a daidai lokacin da ba a cika ba shi muhimmanci ba. 'Yan sanda sun kama gidan rediyon jam'iyyar na Shanghai a Oktoban 1934, igiyar da ta haɗa su da Masko ta tsinke, ba ta dawo sosai ba sai 1936. Ƙarfin Braun duka aro ne daga Masko. Da aka daina jin muryar mai kaya, sai ya koma abin da yake tun asali, baƙo mai shawara.

Ku duba yadda aka yi rabon laifi a Zunyi. Bo Gu ya ce maƙiyi ne ya fi ƙarfi. Zhou Enlai ya ɗauki nasa kason da bakinsa. Zhang Wentian da Wang Jiaxiang, waɗanda su ma 'yan makarantar Masko ne, suka koma bayan Mao. Ƙudurin taron ya ce manufar siyasar jam'iyya daidai take, dabarar yaƙi ce ta karkace, kuma ya ɗora nauyin a kan Bo Gu da Braun. Wannan rabo ya yi wa kowa daɗi. Masko ba za ta ji an taɓa ta ba, tun da manufarta aka ce daidai ce. Waɗanda suka ɗaga hannu suka amince da kowane mataki sun sami hanyar sauya sheƙa ba tare da sun tozarta ba. Zhou, na uku a cikin ukun, shi aka bar wa magana ta ƙarshe a kan soja, Mao ya shiga zaunannen kwamitin ƙoli na jam'iyya yana taimaka masa. Baƙo ba shi da dangi a jam'iyya, ba shi da runduna da za ta yi fushi dominsa. Kayan da ya fi kowanne nauyi sai aka aza wa wanda ba shi da mai sauke masa. Mako biyu bayan taron, Mao ma ya sha kashi a Tucheng, amma wannan bai zama tambari a goshinsa ba.

Abin da ya yi bayan haka ne ya sa nake ganin girmansa duk da komai. Bai gudu ba, bai koma wajen maƙiyi ba. Ya bi rundunar ya haye tsaunukan ƙanƙara, ya ratsa fadamun da suka haɗiye mutane da dawakai, ya isa Shaanxi a Oktoban 1935 cikin 'yan dubban da suka rage. Shi kaɗai ne Baturen da ya yi tafiyar daga farko har ƙarshe. A watan Satumba, da rikici ya ɓarke tsakanin Mao da Zhang Guotao har runduna ta rabu biyu, Braun ya tsaya a ɓangaren mutumin da ya kayar da shi, don yana ganin nan ne halattaccen shugabancin jam'iyya yake. A arewa aka ba shi koyarwa a makarantar soja, ba a ƙara neman ra'ayinsa a babbar magana ba.

Akwai mata biyu a cikin labarin da bai kamata a manta da su ba. Ta farko Xiao Yuehua, 'yar talakawa daga Guangdong, wadda jam'iyya ta lallasa ta aure shi a Ruijin a matsayin aikin sadaukarwa. Ba ta jin yarensa, ba ya jin nata. Ta yi Doguwar Tafiya ita ma, ta haifa masa ɗa, auren ya mutu a Yan'an. Ta biyu Li Lilian, mawaƙiya daga Shanghai, wadda ya aura bisa son juna. A Agustan 1939 aka ce ya hau jirgin da zai kai Zhou Enlai Masko jinyar hannunsa da ya karye. Ba a bar matar ta bi shi ba, kuma ba su sake ganin juna ba.

Komawa Masko a lokacin Stalin ba ƙaramin haɗari ba ne ga wanda ya yi aiki a Sin. Blyukher, mashawarcin soja na zamanin Borodin, ya mutu a hannun masu tuhuma a 1938. Stern ya ƙare a sansanin gwale-gwale a 1954, Borodin ma a tsare ya mutu a 1951. Braun ya gurfana gaban kwamitin ladabtarwa na Kwamintan, Sinawa suka ba da shaida a kansa, aka tabbatar ya yi kuskure amma ba a hukunta shi ba. Hujjar ita ce shi mashawarci ne, masu yanke hukunci su ne shugabannin jam'iyyar Sin. Aka raba shi da harkar Sin, aka ce ya kama bakinsa. Ya yi aikin fassara, lokacin yaƙi ya koyar da fursunonin Jamus, a 1954 ya koma Jamus ta Gabas inda ya kula da fitar da rubuce-rubucen Lenin cikin Jamusanci.

Shekara 25 ya yi shiru. Sai da Masko da Beijing suka ɓata, a 1964, aka buɗe masa shafin jaridar jam'iyya ya fito ya ce shi ne Li De, ya caccaki Mao. Littafin tunawarsa ya fito a 1973. Mai karanta shi sai ya yi hattara, don mutum ne mai ciwo a zuciya ke rubutu, kuma a lokacin da masu gidansa ke buƙatar a zagi Mao. Amma shaida ce ta wanda ya ga abin da idonsa, kuma tana cikin 'yan kaɗan da ba su bi ta hannun waɗanda suka yi nasara ba. Bo Gu, wanda ya fi kowa sanin yadda aka yi aka miƙa masa ragamar, ya riga ya mutu a haɗarin jirgin sama tun Afrilun 1946. Braun ya rasu ranar 15 ga Agusta, 1974, yana hutu a Varna, bakin teku a ƙasar Bulgeriya, shekara biyu kafin Mao.